Matakan Halartar Wasan Hardcore Punk a Zauren Gilman

Hardcore punk wani salon kiɗan Turawa ne mai sauri da tsananin ƙara. Da farko, ka duba jadawalin zauren 924 Gilman da ke Berkeley a Amurka, wanda aka buɗe a 1986 kuma 'yan sa-kai ke tafiyar da shi. Ka isa da wuri, domin ƙungiyar makaɗa ba ta cika wuce rabin sa'a a kan dandamali ba.

Sannan ka sa takalmi rufaffe, ka kuma toshe kunnuwanka, saboda ƙarar lasifika takan wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, abin da ke lalata ji. An haramta giya da ƙwaya da faɗa a wurin.

Idan kiɗa ya kankama, tsakiyar fili ta masu rawar bangaje-bangaje ce, don haka gara baƙo ya tsaya a gefe. Duk wanda ya faɗi kusa da kai, ka ɗaga shi nan take.