Daga Bariki Zuwa Majalisar Tarayya: Abin da Tsohon Soja Zai Shirya

Aikin farko shi ne ajiye kaki a hukumance, da takarda a hannu. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ma'aikacin gwamnati ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma soja na ciki. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Hafsa ba ya ajiye aiki da kansa, sai hukumar rundunarsa ta amince, hakan kuwa yakan ci watanni. Ga shi tun kafin nan jam'iyyu sun gama fid da gwani, soja mai ci kuma ba shi da ikon yankar katin jam'iyya. Babu takarar indifenda a Najeriya.

Sanata sai ya cika shekara 35. Ɗan Majalisar Wakilai kuwa 25 ne, tun gyaran 2018.

Inda tsofaffin sojoji suka fi yin tuntuɓe shi ne takardun makaranta. Shaidar sakandare kawai ake nema, amma da yawa sun miƙa tasu ranar ɗaukar aiki ba su sake waiwayarta ba. Janar Buhari ya sha wannan surutu a 2015 da ya ce takardunsa na wurin hukumar soja. Karɓo naka tun da wuri, ka jera su da takardar sallama da ta haihuwa, ka duba harafi-harafi. In wata ta ce "Mohammed" wata ta ce "Muhammadu", ko an taɓa rage shekaru don shiga soja, gyara ta hanyar rantsuwar kotu kafin ka cika fom ɗin EC9 na INEC, wato fom ɗin bayanan ɗan takara. Abokin takararka na jam'iyya nan zai fara leƙawa, kuma takardar bogi tana soke takara ɗungurungum.

Sai kuɗi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin Sanata naira miliyan 20, na Wakilai miliyan 10. Fansho ba zai ɗauki wannan ba.

A mazaɓa kuma, daliget ba kurtu ba ne, ba a ba shi oda. Wanda ya shekara talatin tsakanin Jaji da Maiduguri sai ya koma gida ya yi rajista a gundumarsa, a riƙa ganinsa wurin suna da ta'aziyya tun kafin kakar zaɓe. David Mark, wanda ya riƙe kujerar Sanatan Binuwai ta Kudu daga 1999 zuwa 2019, ya sha ƙalubale a mazaɓarsa duk da tauraronsa na Birgediya, har kotu ta sa aka sake masa zaɓe a 2016.