Kurakuran da Masu Motar Ƙugiya Suka Fi Yi Wajen Ɗaga Kaya

Yawancin masu sayen motar ƙugiya, wato motar da aka girka wa hannun ɗaga kaya, wadda ake ce wa Hiab ko da ta kamfanin Palfinger ce ko Fassi, lamba ɗaya suke riƙewa. Da an ce musu "goma ce", sai su ɗauka duk inda hannunta ya kai tan 10 za ta ɗaga. Alhali ƙarfinta nauyi ne sau nisa, shi ake ce wa tan-mita, kuma goman nan tan-mita ce. Mai tan-mita 10 tana ɗaga kusan tan 5 a nisan mita 2 daga ginshiƙinta, a mita 5 ta dawo tan 2, idan kuwa aka miƙe hannun har mita 10, tan ɗaya ma da ƙyar, don shi kansa hannun nauyi gare shi.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a duba jadawalin lodi da ke manne a jikinta, a auna nisa daga tsakiyar ginshiƙi zuwa inda kayan za su sauka, ba inda za a ɗauke su kaɗai ba. A nan ake yawan kifewa: janareta ya tashi lami lafiya a gefen mota, sai maigida ya ce a ɗan miƙa shi bayan katanga.

Ana kuma mantawa da cewa ita ma ƙugiyar kaya ce a kan mota. A ƙaddara motar da aka yarje wa tan 18 gaba ɗaya, ita da bodinta tan 8. Idan ƙugiya da ƙarfen da aka girke ta a kai suka ci tan 2, lodin da ya rage tan 8 ne, ba 10 ba. Wadda aka kafa bayan kan mota kuma tayoyin gaba take dannewa, don haka kada a ƙara tula mai nauyi a gaba. A hau sikeli sau ɗaya da mota fanko, cike da mai, a rubuta a ajiye.

Sai kintacen nauyi da ido. Buhu 20 na siminti tan ɗaya ne, haka lita 1,000 ta ruwa. Kankare mai mita ɗaya ta kowace fuska ya kai tan 2.4, kwantena mai ƙafa 20 kuwa ko babu komai a ciki ta haura tan 2. Tanki ko janareta, a tambaya ko da mai a ciki.

Ƙafafun tokare ma, waɗanda ake fitarwa a gefen mota su dafe ƙasa, ana yi musu riƙon sakainar kashi. Layi ya yi ƙunci, sai a fitar da ɗaya rabi, alhali jadawalin an lissafa shi ne da ƙafafu a buɗe duka. A sa musu katako mai kauri da faɗi, musamman da damina, a nisanci murfin kwata da na masai.

Mafi muni a wurina shi ne a sa makanike ya matse bawul ɗin da ke tsayar da ƙugiya idan nauyi ya wuce kima, wai don ta ƙara ƙarfi. Ba ta ƙara komai ba, mai gargaɗin aka toshe wa baki. Idan ta ƙi ɗagawa, a matso da mota ko a rage kaya. Kada a sa ta jan kaya a ƙasa ta gefe, kuma kafin hannu ya tashi, yaron mota ya ɗaga kai ya duba wayoyin lantarki.