Yadda Za Ka Warware Bashin Kuɗin Lauya a Kaduna

Idan lauya yana bin ka kuɗin aikinsa, kada ka daina ɗaukar wayarsa, domin shirun da za ka yi shi ne zai kai maganar gaban alƙali. Ka fara da neman takardar lissafi mai ɗauke da sa hannunsa, wadda ta fayyace ayyukan da ya yi da kuɗinsu. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ta Najeriya bai ba shi damar kai ka ƙara ba sai ya miƙa maka wannan takarda, kuma wata ɗaya ya cika daga ranar da ya miƙa ta.

Wannan watan yana da muhimmanci ƙwarai. Ka tattara rasit da shaidar kuɗin da ka tura ta banki, ka gwada su da lissafin, musamman kuɗin zuwa kotu da mutane kan miƙa hannu da hannu ba tare da rubutu ba. Idan ka ga kuɗin ya wuce kima, kana da damar roƙon Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sa a tantance lissafin, kuma ya fi kyau ka nemi hakan kafin watan ya ƙare.

Idan kuwa bashin gaskiya ne, ka je ofishinsa ku rubuta yarjejeniyar biya kashi-kashi, domin yana iya riƙe takardunka da ke hannunsa, har da na fili, sai ka kammala biya.