Shirin hawa dutsen ƙanƙara: abin da na faɗa wa ɗan yayata

Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a Girenobul ta ƙasar Faransa, garin da ni ma na yi shekara huɗu a cikinsa kafin in dawo gida Damagaram. Ran da ya zo yi mana sallama a Birni, sai ya ce mini, "Kawu, ai ni sanyi bai dame ni ba, na saba da hunturu." Na ce masa zauna, yaro, mu yi magana. Ɗarin da muka sani a Disamba da Janairu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da dunduniya, hantsi na yi ya sake ka. Na dutse jiƙa ka yake yi, kuma idan ka jiƙe ya same ka ke nan.

Kowane ɗalibi da ya sauka garin nan, abokai za su ja shi Shamrus, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara mai nisan kilomita 30 ko kusa da haka. A nan aka yi tseren gangaro dutse lokacin wasannin Olamfik na sanyi na 1968. Yawanci ana buɗe wurin a Disamba, a rufe a Afrilu, gwargwadon dusar ƙanƙarar da ta sauka a shekarar.

Kafin ka ɗauki ko safa, ka koyi lissafin tsawo. Duk mita 1000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Girenobul tana kwance a mita 200 da ɗoriya, ƙolin Shamrus kuma ya kai mita 2250. Ke nan idan wayarka ta nuna digiri 5 a cikin gari, ka sa ran digiri 8 ƙasa da sifiri a can sama, kafin ma iska ta sa baki. Iska kuwa ita ce babbar matsala, don tana kwashe ɗumin jiki kamar yadda fifita ke huce kunu. Saboda haka hasashen dutsen za ka duba a shafin Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, ka bar na gari. Ka nemi tsawon da ruwa ke komawa dusa a ranar. Idan sun ce mita 1800, to ƙasan wurin ruwa ne da taɓon ƙanƙara, sama kuma fara tas. Wani lokaci lissafin yana juyewa a ranakun da babu iska: hazo mai sanyi ya danne gari, ka hau sama ka tarar da rana ƙal da ɗan ɗumi. Na ga haka sau da yawa, kuma ba abin da ya kai shi kyau a idona.

Dusar ma iri-iri ce. Wadda ta sauka cikin tsananin sanyi kamar garin alkama take, ba ta dunƙulewa a hannu. A ƙiyasi, santimita 10 nata idan ta narke ruwan da take bayarwa ba ya wuce santimita 1. Ta Maris da Afrilu nauyi gare ta, da safe ta daskare kamar daɓe, bayan azahar ta yi laushi ta cika takalmi da ruwa. Ga ɗan koyo, na fi son ya je kwana ɗaya ko biyu bayan saukar sabuwa, lokacin da motocin gyaran dusa sun daddale hanyoyin zamiya.

Yanzu tufafi, inda na fi so ka saurare ni. Kada ka sa auduga a jikin fata. Mu mutanen zafi da ita muka tashi, amma a can tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya cik sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Ya faru da ni a hawana na farko: singiletin auduga biyu na sa ƙarƙashin babbar riga, na yi gumi wajen tafiya, da na zauna a kujerar igiya mai hawa da mutane sama, haƙorana suka riƙa karo har na kasa magana. Tufafin hawa uku ake sa su, wani kan wani. Na ciki ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, na tsakiya suwaita mai kauri, na waje riga da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Idan ka ji ɗumi ka cire ɗaya tun kafin gumi ya zo. Safar ƙafa guda mai kauri ta isa, biyu suna matse ƙafa su hana jini gudu. Safar hannu wadda ba ta shan ruwa, da hula mai rufe kunne. Suwaita za ka iya samu a gwanjon kasuwar Dole, sauran ka bari sai ka isa, takalman wasa da sanduna kuwa haya ake yi a wurin.

Ka sayi baƙin tabarau. Na san ɗan Damagaram zai ce wace rana ce za ta ba shi tsoro, amma sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata da ido, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da tsawo. Wanda ya wuni ba tabarau yakan kwana ido na masa zogi kamar an zuba yashi. Man kaɗe yana da kyau ga leɓe, amma fuska man kare rana take buƙata. Ka riƙe ruwa da dabino a jaka, don sanyi yana ɓoye ƙishi.

Hanyoyin zamiya launi huɗu ne: kore, shuɗi, ja, baƙi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka tsaya a kore. Kada ka tsallake igiya ko sandunan da aka kafa a gefe, ko da ka ga sawun wasu. Bayan su babu mai ba ka tabbacin dusar ba za ta zaftare ba. Ana auna wannan haɗari daga mataki 1 zuwa 5, ana kafa shi a allo kowace safiya, kuma mutane da yawa a mataki 3 suke halaka, saboda suna ganin lambar tsakiya ce. Idan farin hazo ya rufe ka har ka kasa raba sama da ƙasa, ka bi sandunan gefe a hankali ɗaya bayan ɗaya. Lambar neman agaji 112 ce, wayar kuma ka sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir.

Wanda zai tuƙa ku ka tambaye shi tayoyin sanyi ko sarƙar da ake ɗaura wa taya, doka ta wajabta su a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Yini gajere ne, a Disamba wajen ƙarfe 5 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Ka yi alwala da ruwan ɗumi a cikin gini, ka tsane hannu da ƙafa sosai kafin ka mayar da safa, sannan ka fara gangarowa tun da sauran haske a kan hanya.