Yadda ake amfani da man ƙamshin tsirrai wajen korar kaska a damina

Daga watan Mayu, da zarar ruwa ya zauna a ƙasar Zazzau, ciyawa ta tashi a fadamun Galma da Kubanni da gonakin da ke kewaye da Shika da Samaru, kaska takan yawaita har ta addabi dabbobi da masu kula da su. Manomi da makiyayi da yaron da ake aika yankan ciyawar rago duk suna cikin waɗanda take kamawa. Mutane da yawa ba sa son shafa sinadarin kanti a jiki kullum, shi ya sa ake tambaya game da man ƙamshin tsirrai, wato mai ɗan kaɗan mai ƙarfin ƙamshi da ake tatsowa daga ganye ko fure ko ɓawo ta hanyar turarawa. Wannan mai yana aiki, amma aikinsa gajere ne, kuma ya fi amfani a kan tufafi fiye da a kan fata.

Kafin a haɗa komai, ya kamata a san yadda kaska take samun mutum, domin wannan ne yake nuna inda za a sa man. Kaska ba ta tashi sama, ba ta tsalle, kuma ba daga bishiya take faɗowa ba kamar yadda wasu suke zato. Wasu nau'o'inta sukan hau kan tsinin ciyawa su miƙa ƙafafun gaba suna jiran abin da zai gifta, kuma a kan waɗannan ƙafafu ne gaɓar da take shinshina da ita take, wadda ke gane numfashi da warin gumi da ɗumin jiki. Wasu kuwa, kamar kaskar nan mai zane a baya da masana ke kira Amblyomma variegatum, da mai ratsin ƙafafu da ake kira Hyalomma, ba sa tsayawa jira kawai. Daga ƙasa suke rarrafowa da sauri su nufi dabba ko mutum. Ko ta wace hanya, mashigarta ɗaya ce: takalmi, idon sawu, bakin wando ko gefen zani. Daga nan take hawa sama tana neman wuri mai laushi da ɗumi. Wanda ya shafa mai a wuya da fuska ya bar ƙafa, ya kulle taga ne ya bar ƙofa a buɗe.

Man da ya fi kowanne samun shaidar masu bincike shi ne na wani nau'in itacen turare mai ƙamshin lemo, wanda sunansa a kimiyya Corymbia citriodora. Sai dai akwai bambancin da masu talla ba su cika faɗa ba. Abin da Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sa cikin jerin magungunan korar kaska da sauro shi ne wanda aka ƙara tacewa har sinadarin da ke cikinsa mai suna PMD ya yi yawa, kuma cibiyar ta ce kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ɗanyen man da ake sayarwa a 'yar kwalba yana da PMD kaɗan ne, don haka aikinsa ba ya daɗewa kamar na wancan. Idan mutum ya sami kwalbar feshi da aka rubuta PMD a jikinta, ya fi masa sauƙi ya saya ya bi umarnin da ke kai, ba sai ya haɗa komai ba. Bayan wannan akwai man wani tsiro mai fure da ake kira jeraniyam, da man wata ciyawa mai ƙamshi da ake kira sitiranela, da man ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake jefawa a shayi, da man kanumfari, da man daddoya. Kanumfari da wani nau'in daddoya suna da sinadari ɗaya mai suna yujinol, wanda kaska ba ta so, amma kuma shi ne yake ƙona fata idan ya yi yawa. A shekarar 2020 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta yi rajistar wani sinadari mai suna nutkaton, wanda ake samu a ɓawon wani babban lemo da kuma itacen sida na Alaska, a matsayin mai korar kaska. Wannan ya nuna cewa maganar tsirrai ba tatsuniya ba ce, sai dai abin da ya kai ga rajista an auna shi, an kuma tabbatar da ƙarfinsa.

Wajen saye ne aka fi yin asara. Yawancin abin da ke cikin ƙananan kwalabe a wurin masu turare a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada turare ne na haɗi, an yi shi don ƙamshi, kuma ko da yana ƙamshin kanumfari ko lemo ba lalle ne sinadarin da ke korar kaska yana ciki ba. Man gaske yakan zo a kwalbar gilashi mai duhu, da sunan tsiron na kimiyya a rubuce, da ranar ƙarewar aiki. Idan an ɗiga digo ɗaya a farar takarda aka bar shi, yawancin irin wannan mai yakan bushe ba tare da barin tabon maiƙo ba, alhali wanda aka gauraya da man girki yakan bar tabo. Idan kuma farashin ya yi araha ƙwarai, a yi shakka, domin ana turara tarin ganye kafin a sami cokali ɗaya.

Haɗin farko, wanda a ganina shi ne ginshiƙi, na feshin tufafi ne. A nemi kwalbar feshi mai ɗaukar mililita 100. A zuba sifirit na kantin magani mililita 60, sannan a zuba man ƙamshin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a girgiza sosai har su haɗe, sai a cika da ruwa mai tsabta. Dalilin fara sa sifirit shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa. Idan aka zuba man cikin ruwa kai tsaye zai taso sama, feshin farko ya fito ruwa zalla, na ƙarshe kuma ya fito da mai tsagwaronsa. Ko da an sa sifirit, a riƙa girgizawa kafin kowane feshi. Cokalin nan ɗaya ana iya cika shi da mai iri ɗaya, ana kuma iya raba shi, misali rabi jeraniyam, sauran rabin a raba tsakanin sitiranela da kanumfari. Ana fesa shi a waje inda iska ke kaɗawa, a kan takalmi da safa da wando daga gwiwa zuwa ƙasa, da bakin hannun riga da wajen ƙugu. Mace mai zuwa gona ko ɗebo itace ta fesa a gefen zani ko siket na ƙasa, ciki da waje. A bari ya sha iska kafin a sa kayan, kuma kada a kusanci murhu ko risho da kayan da ba su bushe ba, domin sifirit yana kama wuta. Wasu mayukan suna ɓata launin yadi, saboda haka kayan aiki ake fesa wa, ba shaddar zuwa Juma'a ba.

Haɗi na biyu na fata ne, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan. Ba a taɓa shafa irin wannan mai zallansa a jiki. Ana sirka shi da mai mai sauƙi kamar man kwakwa ko man riɗi ko man kaɗe da aka narkar ya ɗan huce. Ma'aunin da ya dace da babba shi ne kashi 2 cikin 100, kuma da yake digo 20 ne suke yin kusan mililita ɗaya, lissafin ya zama digo 12 a cikin babban cokali biyu na man sirki, wato mililita 30. Amma ba kowane mai ne yake ɗaukar wannan ma'auni shi kaɗai ba. Man kanumfari kada ya wuce digo 3 a cikin cokali biyun nan, man ciyawar shayi kuma kada ya wuce digo 4, domin dukansu suna da zafi. Haɗin da ya tsaya cikin iyaka shi ne jeraniyam digo 7, ciyawar shayi digo 3, kanumfari digo 2. Ni na fi son man kaɗe a matsayin abin sirki, saboda kaurinsa yana ɗan riƙe ƙamshin, ga shi ba ya wahalar samu a kasuwanninmu. Kafin a fara amfani da haɗin, a shafa ɗan kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje, a wanke da sabulu a haƙura da shi. Wuraren shafawa su ne idon sawu da ƙwauri da wuyan hannu. Ba a kai shi kusa da ido ko baki, ba a sa shi a kan rauni ko faso.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce wannan haɗi na fata ba shi da ƙarfi sosai, domin ƙarfin da ke korar kaska da kyau ya fi abin da fata za ta jura. Shi ya sa aka ɗora nauyin aikin a kan tufafi. Ƙari a kan haka, abin da ya sa man yake ƙamshi shi ne saurin bin iska, kuma zafin rana da gumi suna ƙara masa sauri. A gona da hantsi, kada a yi tsammanin ya wuce awa ɗaya zuwa biyu, don haka kwalbar feshin ta bi mutum cikin aljihu ko jaka a sake fesawa. Wanda zai wuni a daji da shanu, ko zai shiga ciyawa mai tsawo kullum, ya fi masa aminci ya yi amfani da maganin shafawa mai sinadarin korar ƙwari da ake kira DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko ya fesa wa tufafin aikinsa maganin ƙwari da ake kira fametirin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wanda yake kashe kaska, ba kora kawai ba. Man tsirrai ya fi dacewa da shiga lambu na ɗan lokaci, ko zagayen gona, ko sharar turken awaki.

Yara 'yan ƙasa da shekara 3 ba a shafa musu; a rufe musu jiki da tufafi kawai. Waɗanda suka haura haka a rage musu ma'aunin zuwa rabi, a kuma guji tafin hannu domin suna kai shi baki da ido. Mai juna biyu da mai ciwon asma su tuntuɓi likita tukuna. Kwalbar kuwa a ɓoye ta nesa da yara, saboda shan ko da ƙaramin cokali na man itacen turare yana iya sa yaro farfaɗiya ko suma. Wasu mayukan ɓawon lemo, musamman na lemon tsami, suna sa fata ta ƙone idan rana ta buge ta, don haka ba su da wuri a haɗin fata a ƙasa mai rana irin tamu.

Batun dabbobi daban ne. Kyanwa ba a sa mata irin wannan mai ko kaɗan, domin hantarta ba ta iya narkar da sinadaransa, kuma fametirin ma guba ne a gare ta. Kare yana lasar jikinsa, kuma kaskarsa mai launin ƙasa-ƙasa tana ɓuya tana hayayyafa a tsagar bango da ƙasan ɗaki, don haka feshin ƙamshi ba zai raba gida da ita ba. Saniya ko ragon da kaska ta riga ta cika wa kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya magani yake bukata irin su amitiraz ko aibamektin, a kan ma'aunin da likitan dabbobi ya bayar, tare da kiyaye kwanakin da ba a shan nono ko cin naman. Jinkiri a nan yana da tsada, domin Amblyomma tana da alaƙa ta kusa da ciwon fatar nan na dabbobi, wato kirci, wasu nau'o'in kuma suna ɗauke da cututtukan da ke tsotse jinin shanu. Zariya ta yi sa'a ta wannan fuska, tun da ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika. Man darbejiya, wanda matsewa ake yi daga ƙwallo ba turarawa ba, yana iya taimakawa wajen rage kaska tsakanin wankan magani da na gaba idan an kaɗa shi da ruwan sabulu, amma aikinsa a hankali yake. Ragon da aka sayo daga kasuwa a duba shi a ware shi kafin ya shiga cikin sauran, ciyawar da aka yanko daga fadama kuma a baza ta a rana nesa da ƙofar ɗaki, domin a cikin dami kaska take shigowa gidajen da ba su da ko gona.

Komai kyan haɗin, sai an duba jiki bayan an dawo. A cusa bakin wando cikin safa tun da safe, a zaɓi kaya masu haske don a ga abin da ke tafiya a kai. Da an iso gida a tuɓe kayan a waje, a yi wanka cikin awa biyu, a bi da hannu da ido bayan gwiwa da matse-matsi da cibiya da layin tazuge da hammata da bayan kunne da cikin gashi. 'Ya'yan kaska ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Wanki da ruwan sanyi ba ya kashe su, amma ruwan zafi da guga suna kashewa.

Idan an tarar ta riga ta kafe, man ƙamshi ba shi da aiki a wurin, haka kananzir da baƙin mai da basilin da wutar ashana, domin duk abin da ya takura ta yana iya sa ta amayar da abin cikinta a cikin rauni. A kama ta da hantsaki mai siririn baki dab da fata, a ja sama a hankali ba fizga ba murɗawa, musamman Amblyomma mai dogon baki, sannan a wanke wurin da sabulu a goga sifirit. Kada a murtsuke ta da farce, domin Hyalomma tana iya ɗaukar ƙwayar zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wadda an taɓa gano ta a Nijeriya. A jefa ta cikin sifirit ko a naɗe ta da salatif a yar. A riƙe ranar cizon, kuma idan zazzaɓi ko ciwon kai ko ƙuraje ko baƙin tabo a wurin cizon ya bayyana cikin mako biyu, a je asibiti a faɗa wa likita cewa kaska ce ta yi cizon, saboda alamun suna kama da na zazzaɓin cizon sauro amma maganinsu ba ɗaya ba ne.