Yadda ake gyara kuskure wajen saka wa wuƙa ƙota

Da yawa daga cikin wuƙaƙen da ake dawo wa maƙeri da su a ƙauyukan Kano da Jigawa, musamman bayan Babbar Sallah, lafiyar kaifinsu ƙalau, ƙotar ce take girgiɗi ko ta tsage. Idan aka bi diddigi, galibi asalin matsalar ba ya wuce abu biyu, wato ɗanyen itace da ramin da aka ƙona fiye da kima.

Maƙera da dama suna gasa wutsiyar ƙarfen, wato siririn ɓangaren da ke shiga cikin ƙota, a wuta, sannan su cusa ta cikin itacen domin ta huda wa kanta mazauni. Dabarar tana da kyau, amma idan ƙarfen ya yi ja sosai, bangon ramin yakan zama gawayi. A ranar farko ƙotar za ta kama sosai, sai dai da zarar mahauci ya yi kwana biyu yana aiki da ita, gawayin zai marmashe, ƙarfen ya fara wasa a ciki. Kada a ƙara dukan ƙotar da masaba, domin duka ba ya cike gurbin da ya riga ya buɗe. A zare ƙarfen, a kankare baƙin da ke cikin ramin da siririn magagari ko waya mai lanƙwasasshen baki har sai farin itace ya bayyana, sannan a feƙe 'yan tsinke biyu daga irin itacen ƙotar a sanya su a gefe da gefen wutsiyar. A goge tsatsa da maiƙo daga ƙarfen kafin a shafa gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, kuma a bar shi ya kwana ba a taɓa shi ba. Ƙaro bai dace da wannan aiki ba, tunda ruwa yana narkar da shi, wuƙar kicin kuwa kullum cikin wanki take.

Duk lokacin da ake gasa wutsiya, a naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, saboda idan zafi ya hau zuwa kaifin, taurin da aka sha wahalar ba shi zai tafi.

Idan ƙotar ta karkace, a ɗaga wuƙar daidai ido a dubi bayanta tun daga tsini har ƙarshe, nan take za a ga inda ta kauce. Muddin gam bai bushe ba, ana iya daidaita ta da tsinke a ɓangare ɗaya. Idan ya riga ya kama, jiƙa ƙotar a tafasasshen ruwa yakan sassauta shi, ko da yake a ganina sau da yawa fasa ƙotar a sake wata ya fi sauƙi.

Tsagewa kuwa galibi daga bakin ƙotar take farawa. Ƙaramar tsaga ana buɗa ta kaɗan a ɗura gam, a ɗaure da zare ko robar tayar keke har ta bushe, daga nan a saka zobe na tagulla ko guntun bututun ƙarfe a bakin. Wadda ta kai rabin ƙota ba ta gyaruwa. A wuƙa mai ƙota falle biyu, ƙusar da ta fi raminta kauri ita ke tsaga itace, don haka a faɗaɗa ramin kaɗan, kuma a daki kan ƙusar a hankali har ya baje.

Wajen sake ƙota a nemi busasshen marke, kanya ko aduwa wanda ya daɗe a inuwa. Itacen da aka sare da damina aka yi aiki da shi nan take zai tsuke idan hunturu ya shigo, zoben ya saki. Bayan an gama sassaƙa da gogewa, a shafe ƙotar da man kaɗanya domin rage shigar ruwa.