Yadda za ka shirya jakar hannu kafin ka hau jirgi daga Garwa ko Njamena

1. Fara da duba tikitinka. A nan kamfani yake rubuta nauyin da ya yarda ka shiga da shi, galibi kilo 7 ko 8, sai ƙaramar jakar rataye da za ta shiga ƙarƙashin kujera.

2. Auna jakar tun a gida. Ko sikelin mai shago a unguwa ya wadatar.

3. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Turare, zuma, man shanu, duk ana lissafa su a matsayin ruwa. Kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma a haɗa su duka cikin leda mai haske guda ɗaya ta lita 1. Babbar kwalba ko da rabi ce ba ta wucewa, domin girman kwalbar ake dubawa. Abin takaici ne a ga tsohuwa ta bar tsarabar jikokinta a wajen bincike. Saka manyan kwalabe a babban akwatin da za a kai ɗakin kaya na jirgi.

4. Wuƙa, almakashi da reza ma babban akwati.

5. Batirin cajin waya kuwa dole ya zauna a hannunka, an hana shi shiga ɗakin kaya saboda gudun gobara.

6. Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi da magunguna su kasance a jakar rataye.